Giredi da mataki: abin da takardar gwajin sankarar mama take faɗa

Matar da ta ji kullutu a nononta a Unguwar Rimi ta Kaduna, idan ta yanke shawarar zuwa asibiti, ba ta da nisa da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Keke napep ma ya isa. Can, ko a wani asibitin kuɗi, za a tsakuri ɗan nama daga kullutun da allura mai kauri, a aika ɗakin gwaji, bayan wasu kwanaki ko makonni a miƙa mata takarda. Takardar da Turancin likitoci take, cike da haruffa da lambobi. Galibi kafin ranar ganin likita ta zo, wani ɗa ko ƙani mai waya a hannu ya riga ya karanta, ya hango lamba 3, ya tuna an ce sankara hawa huɗu ce, sai ya sanar da gida cewa saura ƙiris. A fara koke-koke, wasu ma su ce babu amfanin a ci gaba da kashe kuɗi.

Sau da yawa wannan lamba 3 ba matakin cutar ba ce, giredinta ne, kuma abubuwa biyu ne mabambanta. Idan gobara ta tashi a gida, tambaya ɗaya ita ce da wane irin ƙarfi wutar take ci, tambaya ta biyu kuma ɗakuna nawa ta riga ta kama. Giredi amsar tambayar farko ce, mataki amsar ta biyu. Giredi daga 1 zuwa 3 yake, kuma a ƙarƙashin madubin likita ake ganinsa. Mataki yana kaiwa 4, kuma ɗan naman da aka tsakura ba ya iya faɗarsa. Sai an auna girman ƙarin, an duba kaluluwar hammata, an ɗauki hoton ƙirji da ciki, wani lokaci har da ƙashi.

Tsarin da ɗakunan gwaji suke bi wajen ba da giredi, a Kaduna da Zariya da Kano kamar yadda ake yi a ko'ina, ya samo asali ne daga aikin wasu likitoci biyu na Landan, Bloom da Richardson, a 1957. A 1991 Elston da Ellis na birnin Nottingham suka gyara shi, suka sa masa ƙa'idoji masu lamba, shi ya sa ake ganin sunan wannan birni a kan takardun. Likitan da ke duba naman abu uku yake nema. Na farko, ko ƙwayoyin ƙarin suna nan suna jeruwa su yi ƙananan bututu irin na lafiyayyen nono: idan fiye da kashi 75 cikin 100 na ƙarin haka yake, maki 1, tsakanin kashi 10 da 75, maki 2, ƙasa da kashi 10, maki 3. Na biyu, yadda cibiyar kowace ƙwaya ta canza kama, ta kumbura, ta bambanta da ta maƙwabciyarta. Na uku, ƙwayoyi nawa aka kama suna tsakiyar rabuwa gida biyu, a wurare goma da aka leƙa da madubi mai ƙarfi. Kowanne ana ba shi maki 1 zuwa 3, sai a tara. Jimla 3 zuwa 5 giredi 1 ce, 6 ko 7 giredi 2, 8 ko 9 giredi 3.

Ke nan giredi 1 ƙari ne da bai yi nisa da kamannin asalinsa ba, yana girma a hankali. Giredi 3 ya bar kamannin nono, yana hayayyafa da sauri, ya kuma fi saurin aika 'ya'yansa wasu sassan jiki. Wannan gaskiya ne, babu amfanin ɓoye ta. Amma akwai wata gaskiyar da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba: maganin kemo ƙwayoyin da ke rabuwa yake bi ya kashe, don haka ƙarin da ya fi gaggawa sau da yawa shi ya fi jin maganin. Likitoci sun saba ganin ƙari mai giredi 3 ya narke da kemo kafin a yi tiyata, har wani lokaci a cire wurin a duba ba a sami ko ƙwaya ɗaya mai rai ba, alhali mai giredi 1 yana nan daram, ya ɗan motsa kawai. Sannan ba da giredi aikin idon ɗan Adam ne. Ƙwararru biyu za su iya duba nama ɗaya su saɓa, musamman a kan iyakar 2 da 3, kuma giredin da aka samu a ɗan naman allura yakan canza idan aka duba ƙarin gaba ɗaya bayan tiyata.

Mataki kuwa da haruffa uku ake rubuta shi, T da N da M, tsarin da wani likitan fiɗa Bafaranshe, Pierre Denoix, ya fara a shekarun 1940. T girman ƙarin ne: santimita 2 ko ƙasa T1, daga nan zuwa santimita 5 T2, sama da 5 T3, wanda ya kama fata ko bangon ƙirji, ko ya fashe ya zama gyambo, T4. N kaluluwa ce, wato ko cutar ta sauka a hammata, kuma guda nawa ta kama. M na nufin ko ta tsallaka huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Cikin dukkan abubuwan da ake hasashe da su a cutar da ba ta bazu ba, kaluluwar hammata ce aka daɗe da sanin ta fi nauyi.

Mutanen Nottingham ɗin sun haɗa waɗannan cikin wani ɗan lissafi da suka fitar a 1982, wanda ko ɗalibin Kwalejin Rimi zai iya yi a bayan littafinsa. A ɗauki girman ƙarin a santimita a ninka da 0.2, a ƙara giredi, a ƙara makin kaluluwa: 1 idan babu wadda ta kamu, 2 idan ɗaya zuwa uku ne, 3 idan huɗu ne ko fiye. Abin da bai wuce 3.4 ba kyakkyawan fata ne, daga nan zuwa 5.4 tsaka-tsaki, sama da haka kuma al'amari ya yi tsanani. A ɗauki mata biyu. Ta farko giredinta 3, amma ƙarin santimita 2 ne kuma hammata lafiya lau: 0.4 da 3 da 1, jimla 4.4. Ta biyu giredinta 2, ƙarin ya kai santimita 6, kaluluwa biyar sun kamu: 1.2 da 2 da 3, jimla 6.2. Wadda gidansu ya cika da kuka saboda lamba 3 ita ce take kan tudu, wadda aka yi wa barka da lamba 2 ita ce take cikin haɗari. An gina lissafin ne a kan matan Ingila na wancan zamani, kafin magungunan yau, don haka ba a ɗaukarsa a matsayin hukunci a kan kowace mace. Amma abin da yake nunawa bai tsufa ba. Cikin abubuwa ukun da ya tara, giredi ne kaɗai mace ba ta da hannu a ciki. Girman ƙari da yawan kaluluwa watannin da aka yi ana jira ne suke ƙara su.

A nan ne matsalarmu take. Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, wanda aka buga a 2016, ya nuna kusan kashi 77 cikin 100 na baƙaƙen mata masu wannan cuta sai a mataki na 3 ko na 4 ake gano ta. Wani binciken da ya bi mata a ƙasashe biyar, aka buga shi a 2020, ya sami cewa a Najeriya kashi 36 cikin 100 ne suke raye bayan shekara uku, a asibitocin Aba da Owerri inda aka yi aikin, alhali a tsakanin fararen matan Namibiya kashi 90 ne. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2020 ya ce mata sama da 28,000 suka kamu a Najeriya a wannan shekara, sama da 14,000 suka rasu. Duk wanda ya taɓa zama a layin masu sankara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya san yadda waɗannan alƙaluma suke a zahiri: ba kullutu ake kawowa ba, gyambo ake kawowa, an naɗe shi da zane. Kafin nan an sha jiƙo, an shafa, an yi tofi, domin an gaji maganar nan cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Maganar tana da inda ta samo ƙarfi, don mutane sun ga an taɓa an mutu. Abin da ba su gani ba shi ne an taɓa ne bayan cutar ta gama yaɗuwa. Mai shayarwa kuma sai a ce mata kumburin nono ne, a yi ta ba ta maganin ƙwayoyin cuta wata bayan wata. Kumburin da bai sauka ba bayan mako ɗaya ko biyu ana shan magani, hoto da gwajin nama yake buƙata.

Sai wani kashi na takardar, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci ga aljihu da rayuwa, kuma shi aka fi tsallakewa: ER da PR da HER2. Wasu ƙarin suna da makama a cikin ƙwayoyinsu, wato ER, da sinadarin mata, isturojin, yake kamawa ya ciyar da su. Tun 1896 wani likita a Glasgow, George Beatson, ya lura cewa cire ƙwan mace yakan sa ƙarin nono ya ja da baya, shekaru da yawa kafin a san dalili. Yau ba sai an yi haka ga kowa ba. Idan takarda ta nuna akwai ER, ƙwayar tamoxifen ɗaya a rana har shekara biyar tana rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma tana cikin mafi arahar magungunan sankara. Irin wannan ƙari yakan zo da giredi mai sauƙi, amma yana da dogon tunani: zai iya dawowa bayan shekara goma ko ashirin, shi ya sa ake tsawaita maganin ga wasu har shekara goma, shi ya sa kuma barin shan ƙwayar don an ji sauƙi babban kuskure ne.

HER2 labarinsa daban. A 1987 Dennis Slamon da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƙarin da ke da wannan furotin fiye da kima, kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu cutar, ya fi saurin dawowa da kisa. A 1998 aka amince da trastuzumab, maganin da ke bin wannan furotin kai tsaye, sai alamar da take mummunan labari ta koma ƙofar magani. Amma ga wa? Allura ce da akan yi kusan shekara guda, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin yawancin gidaje, ko a ɓangaren masu hali na Unguwar Rimi sai an yi shawara, balle a cikin gari. Don haka alama ɗaya tana iya zama albishir a Landan, ta zama abin tsoro a Kaduna. Hasashen cuta bai tsaya ga abin da madubi ya gani ba; ya haɗa da abin da za a iya saya. A takarda, HER2 mai 3+ yana nufin akwai, 0 ko 1+ ba a lissafa shi cikin masu ita, 2+ kuwa shakku ne da ke buƙatar wani gwajin na daban kafin a kashe ko kwabo a kan maganin.

Wanda ba shi da ko ɗaya cikin ukun, babu ER, babu PR, babu HER2, shi ne likitoci suka fi jin tsoro. Yakan zo da giredi 3, yakan kama mata masu ƙananan shekaru, tamoxifen da trastuzumab ba su yi masa komai, kemo ne babban makaminsa. Idan zai dawo, a shekaru uku na farko ya fi dawowa. Wadda ta haye shekara biyar lafiya haɗarinta ya ragu ƙwarai.

An daɗe ana muhawara a kan ko wannan nau'in ne ya fi yawa a cikinmu. A 2009 ƙungiyar Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ta buga binciken naman mata kimanin 500 daga Najeriya da Senegal, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai aka samu da ER, mafi yawansu kuma giredinsu babba ne, shekarunsu a tsakiyar arba'in. A ƙasashen Turai masu ER sun kai kashi 70 ko fiye. Sai dai a 2008 Clement Adebamowo da abokansa a Ibadan, da suka kula da naman tun daga ɗakin tiyata, sun sami kusan kashi 65 da ER. Bambancin yana da girma, kuma nazarin da ya tattara binciken Afirka a 2014 ya nuna cewa inda aka adana nama da kyau, adadin masu ER yakan hau. Ba wai babu bambanci a jini ba ne. Nau'in mai tsanani ya fi yawa a Afirka ta Yamma da zuriyarta a Amurka, kuma binciken 2018 a Ibadan ya nuna kusan mace ɗaya cikin takwas masu cutar tana ɗauke da ƙwayar gado irin su BRCA1 da BRCA2. Amma wani kaso na abin da muke kira mugun halin cutarmu, mugun riƙon da aka yi wa naman ne.

Ƙa'idar a fili take. Naman da aka cire ya shiga ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin awa ɗaya, ruwan ya ninka naman sau da yawa, ya zauna ciki daga awa 6 zuwa 72. Idan nono ne gaba ɗaya, sai an tsattsaga shi domin ruwan ya ratsa, don fomalin a hankali yake shiga. To a ƙananan asibitoci da yawa me ake yi? A saka naman a roba, a zuba ruwan da ya samu, wani lokaci ruwan gishirin ƙarin ruwa ne ko sifirit, a miƙa wa ɗan'uwan marar lafiya ya kai ɗakin gwaji da kansa. Idan ranar Juma'a ce sai Litinin, idan kuɗi bai haɗu ba sai ƙarshen wata, ga zafin bazara. Naman da ya fara ruɓa yana rasa alamar ER ɗinsa, ƙidayar ƙwayoyin da ke rabuwa ma tana lalacewa, giredin ya zama na zato. Sai a rubuta babu ER ga matar da take da shi, a hana ta maganin da ya fi arha kuma ya fi yi mata amfani. Mafi muni shi ne inda aka cire kullutu aka ce ai an rabu da shi, aka jefar ko aka ba dangi suka binne ba tare da gwaji ba. Girmama sashen jikin mutum abu ne mai kyau, amma babu abin da ya hana a gwada tukuna. Matar da aka binne kullutunta ba gwaji ba ta da giredi, ba ta da ER, ba a san ko an cire shi duka ba. Idan ya dawo bayan wata takwas, likitan Shika daga farko zai fara, da cutar da ta riga ta yi gaba.

Akwai wasu layuka a takardar da ya kamata a nemi bayaninsu. Ɗaya yana faɗin ko an ga ƙwayoyin ƙarin cikin ƙananan jijiyoyin jini ko na ruwan jiki, alamar sun fara neman hanya. Wani yana faɗin ko gefen naman da aka yanko tsaf yake, domin idan wuƙa ta bi ta cikin ƙarin, saura na nan, sai an sake aiki. Akwai nau'in ƙarin kansa: mafi yawa daga bututun nono suke tasowa, wasu 'yan kaɗan kuma, kamar mai majina-majina, suna da sauƙin hali. Wasu ɗakunan gwaji suna ƙara Ki-67, wani ma'aunin saurin hayayyafa, wanda ke taimakawa wajen rarrabe masu giredi 2, tunda nan ne mata da yawa suke faɗawa kuma nan ne giredi ya fi ƙarancin bayani. A ƙasashe masu kuɗi akwai gwaje-gwaje irin su Oncotype DX, mai auna ƙwayoyin gado 21, da ke nuna wadda za ta iya tsallake kemo. Ga yawancinmu wannan labari ne kawai tukuna. Shekaru ma suna da tasiri, domin wadda ba ta kai 35 ba cutarta takan fi zafi.

Tun 2018 tsarin matakai na Amurka ya shigar da giredi da ER da PR da HER2 cikin lissafin matakin kansa, ta yadda mata biyu masu ƙari girma ɗaya za su iya samun mataki daban. Waɗanda suka tsara shi sun faɗa da bakinsu cewa an gina shi ne a kan matan da suka sami cikakken magani, kuma inda ba a iya yin waɗannan gwaje-gwaje a tsaya kan tsohon tsarin T da N da M. Wannan gargaɗi ya shafi duk alƙaluman da ake gani a intanet. Idan aka ce kashi kaza suna rayuwa shekara biyar, ana maganar dubban mata ne da aka yi wa tiyata a kan lokaci, suka kammala zagayen kemo shida ko takwas ba tsallake, suka sami gashin da ake yi wa wurin da na'ura ba tare da jiran gyaranta ba. Wadda ta yi zagaye uku ta tsaya domin an sayar da fili kuɗin ya ƙare, ko domin gashin kanta ya zube uwar miji ta ce a koma na gargajiya, ba ta cikin wannan lissafin. Ba kuma ya faɗin kwanan kowa. Wannan sanin na Allah ne, likita na gari ma haka zai faɗa. Amfanin lambobin shi ne zaɓen magani: wa ke buƙatar kemo, wa za a fara wa da shi kafin tiyata, wa ƙwaya za ta wadatar.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, abu uku ta sa a gaba: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 a mataki na 1 ko na 2, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma kashi 80 su kai ƙarshen magani. Babu giredi a ciki, domin babu gwamnatin da za ta iya canza shi. A gida kuma akwai asusun tallafin masu sankara na Gwamnatin Tarayya, wanda ya haɗa da sankarar mama, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana cikin asibitocin da aka fara shi da su. Ya kamata dangi su tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya tun ranar farko, kada su bari sai aljihu ya bushe. Wanda zai raka mahaifiyarsa ko matarsa ɗakin tiyata kuma, kafin a shiga ya tambayi likita ina za a kai naman, cikin wane ruwa, wa zai kai, kuma ko za a yi gwajin ER da PR da HER2 a kansa. Bayan sakamako ya fito ya riƙe lambar da ke saman takardar, domin ɗakin gwaji yana ajiye naman cikin ɗan dunƙulen kaki na tsawon shekaru, kuma da wannan lamba ake karɓo shi a kai Zariya, Kano ko Abuja idan ana son wani ƙwararren ya sake dubawa ko a yi gwajin da ba a yi ba tun farko.